Masu Tsara Matsalar Shataranji, Da Abin Da Malami Zai Koya A Wurinsu

A ɗakin hutawa na Kwalejinmu akwai allon wasan nan da Larabawa ke kira shataranji, Turawan Ingila su ce ces, waɗansunmu kuma su ce darar Turawa. Kowace yamma za ka tarar da mutum biyu sun duƙufa a kansa, waɗansu biyar ko shida sun tsaya musu a ka suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Wannan shi ne wasan da kowa ya sani. Amma akwai wani aiki dabam da a ke yi da allon nan da 'ya'yansa, wanda mutum ke yi shi kaɗai ba abokin karawa, watau tsara matsala. Ina so in ba ku labarin wannan aiki da na masu yinsa, gama akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu da za a danƙa wa alli da jan biro mu riƙa yi wa 'ya'yan mutane tambaya.

Mece ce matsala?

Matsala ba wasa ba ce da mutum biyu suka yi. Wani ne ya zauna ya jera 'ya'ya kaɗan bisa allo da gangan, kana ya rubuta a ƙasa, “Fari zai fara, ya kashe cikin taku biyu.” Aikin mai warwarewa shi ne ya nemo takun farko wanda zai sa a kashe sarkin Baƙi cikin adadin da aka faɗa, kome Baƙi ya yi. Takun nan na farko shi a ke kira mabuɗi. Akwai kuma wata irin matsala da ba a ƙayyade mata taku, sai dai a ce Fari ya ci wasa, ko ya tsira da canjaras. Ita a ke kira nazari.

Domin mu fahimci juna, bari mu shirya sunaye. Allo yana da gida 64. Layukan da suka miƙe daga wajen Fari zuwa wajen Baƙi ana ba su haruffa, a, b, c, d, e, f, g, h, daga hagun Fari. Jerin da suka gitta kuwa ana ba su lamba daga 1 zuwa 8. Saboda haka kowane gida da sunansa, kamar a1 ko c8. 'Ya'yan kuwa su ne sarki, sarauniya, hasumiya mai tafiya a miƙe, giwa mai tafiya a karkace, doki mai tsalle, da dakare. In an kai wa sarki hari mu ce an yi masa kashedi. In ba shi da mafita, an yi kisa ke nan. In kuwa taku ya zo kan mutum, sarkinsa ba ya cikin kashedi, amma ba shi da ko taku ɗaya da doka ta yarda da shi, to, wasa ya tashi canjaras.

Misali

Ku ɗauko allo ku jera wannan. Fari: sarki a c8, hasumiya a a1, dakare a b6. Baƙi: sarki a a8, giwa a b8, dakaru a a7 da b7. Fari zai kashe cikin taku biyu. Ana danganta ta da Paul Morphy, mutumin Amurka, gwanin zamaninsa, an kuwa buga ta a 1856.

Sabon shiga ya kan yi maza ya ci dakaren a7 da hasumiya, don ya ga kashedi. Sai giwa ta cinye hasumiyar, magana ta ƙare. Wani ya ce bari ya ɗan jirkita hasumiya zuwa a2 ya jira. Sai Baƙi ya tura dakaren a7 gaba, ba kisa. Mabuɗi shi ne a kai hasumiya a6, a ajiye ta daidai bakin dakaren b7, kamar an ba da ita sadaka. Yanzu ku duba halin da Baƙi ya shiga. Sarkinsa ba shi da inda zai sa ƙafa. Dakaren a7 an toshe masa gaba, ba shi kuma da ikon cin na b6, gama in ya kauce ya bar sarkinsa a buɗe. In dakaren b7 ya ci hasumiya, ya bar gidansa, dakaren Fari ya hau b7 ya yi kisa. In giwa ta motsa, ko ina ta tafi, ta daina tsaron a7, hasumiya ta ci dakaren wurin ta yi kisa. Abin mamaki, Fari bai yi wa Baƙi barazanar kome ba. Da doka ta yarda Baƙi ya zauna bai taka ba, da ya tsira. Tilas ɗin taku ne ya kashe shi.

Dokokin masu tsarawa

Daga ɗan misalin nan za mu iya fitar da dokoki huɗu waɗanda masu wannan aiki su ke bi.

Ta fari, mabuɗi ya zama ɗaya tak. In aka sami wani taku dabam wanda shi ma ya kai ga kisa cikin adadin, matsala ta lalace, kome kyaunta. In kuma aka sami wata kariya da mai tsarawa bai gani ba, har ya zama ba amsa sam, ita ma ta lalace.

Ta biyu, kada a yi ɓarnar 'ya'ya. Kowane ɗa da ke bisa allo ya zama yana da aiki. A misalinmu 'ya'ya bakwai ne, in ka ɗauke ɗaya abin ya rushe.

Ta uku, mabuɗi ya kasance a ɓoye. Ba a son ya zama kashedi, ko cin wani ɗa, ko ƙwace wa sarki mafitarsa, domin waɗannan su ne abin da hannun kowa ke fara kaiwa. Mabuɗin da a ke yabo shi ne mai kama da wauta, sai an duba a ga hikima ce.

Ta huɗu, matsala ta ƙunshi wata dabara wadda mai warwarewa zai tashi da ita. Wuya kaɗai ba ta isa ba. Har wa yau, dole jerin ya zama wanda zai iya aukuwa cikin wasa na gaskiya, kuma kada ya zama wani ya riga ka bugawa.

Yawancin masu tsarawa daga ƙarshe su ke farawa. Su kan fara jera kisan da su ke so a gani, sa'an nan su komo baya taku ɗaya, su tambayi kansu, “Wace kariya Baƙi ke da ita nan? Wace hanya kuma Fari ke da ita ban da wadda na nufa?” Ta haka a ke toshe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya har a bar guda. Matsalar da za a warware cikin minti biyar ta kan ci wa mai ita makonni.

Mafarin abin

Aikin nan ya daɗe. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, wani gwani mai suna al-Adli ya tattara irin waɗannan jeri cikin littafi, Larabawa suna kiransu mansubat. Bayansa aka yi as-Suli, wanda ya rasu wajen shekara ta 946. Shi ya bar wani nazari mai 'ya'ya huɗu kacal, wanda ya gagari mutane kusan shekara dubu, sai a ƙarni na 20 Yuri Averbakh na Rasha ya bayyana amsarsa. Akwai kuma matsalar da a ke kira ta Dilaram. Almara ta ce wani basarake ya yi caca har ya sa matarsa Dilaram, ya kuwa kusa faɗuwa. Ita ce ta hango cewa in ya sadaukar da hasumiyoyinsa biyu zai yi kisa, ta faɗa masa, ta fanshi kanta.

Daga Larabawa wasan ya shiga Turai. A 1283 Sarki Alfonso na 10 na ƙasar Sifen ya sa aka rubuta littafin wasanni, a ciki akwai matsala 103 na shataranji. Wasan ya iso ƙasarmu ma ta tsohuwar hanya, gama a 1934 C. K. Meek ya rubuta labarin wani irinsa da a ke yi a Barno, ana kiransa tsatsarandi.

Waɗansu masu tsarawa

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, yawancin mutanen nan ba da allo su ke cin abinci ba. Kowa da sana'arsa, sai dare ya yi ya jawo 'ya'ya.

Henry Loveday limamin coci ne na Ingilishi da ke aiki a Delhi ta Indiya. Ya aika wa Howard Staunton a Landan wata matsala ta taku huɗu, aka buga ta a 1845, ta zama abin da a ke kira Matsalar Indiya. Dabararta sabuwa ce a lokacin. Fari ya janye wani ɗansa baya, sa'an nan ya tare masa hanya da wani ɗan nasa, don sarkin Baƙi ya sami wurin taku kada a tashi canjaras, kana ya buɗe hanyar ya yi kisa. Daga baya aka ga tana da amsa fiye da ɗaya. Dabarar ta rayu, amma jerin nasa sai da waɗansu suka gyara.

Sam Loyd, wanda aka haifa a Amurka a 1841 ya rasu a 1911, shi ne sarkin barkwanci a cikinsu. Tun yana ɗan shekara 14 aka fara buga matsalarsa. Yana da wani aboki mai fahariyar cewa da ya dubi matsala ya kan san ɗan da zai yi kisa. Loyd ya jera masa wata ta taku biyar, ya ce ya nuna ɗa guda wanda ya tabbata ba shi zai yi kisa ba. Abokin ya nuna wani dakare da ke zaune a b2, can nesa da sarkin Baƙi, bai ko taɓa motsi ba. Ashe shi ne. Dakaren ya yi taku biyar ɗin duka shi kaɗai, ya ƙare a a8, ya sami sarauta, ya yi kisa. An buga ta a 1861.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Edith Baird ta Ingila ta tsara fiye da matsala 2,000, a 1902 kuma ta fitar da littafi mai ɗauke da 700 daga cikinsu. T. R. Dawson, wanda ya rasu a 1951, masanin sarrafa roba ne. Shi bai tsaya ga 'ya'yan da aka saba da su ba, har ya ƙago sababbi, kamar fara, wadda ke tsallake ɗa guda ta sauka a bayansa, da wani doki mai maimaita tsallensa a layi ɗaya. Shi ne editan farko na mujallar The Problemist a 1926. Comins Mansfield kuwa ma'aikacin kamfanin taba ne, ya ƙware a matsalar taku biyu, yana cikin mutum huɗu na farko da aka ba babbar lambar gwaninta ta tsara matsala a 1972.

Mai karatu ya gyara wa mai rubutu

A 1895 wani mai suna Barbier ya buga wani nazari a wata jarida ta birnin Gilasgo, ya ce canjaras ne. Ga inda maganar ta ke. Fari: sarki a c2, dakare a c7. Baƙi: sarki a a1, hasumiya a d4. Taku na Fari ne. Kun sani dakare in ya kai jeri na 8 ya kan zama abin da mai shi ya zaɓa, kowa kuwa sarauniya ya ke zaɓa. To, in Fari ya yi sarauniya a c8, sai hasumiya ta zo c4 ta yi kashedi. Sarauniya ta cinye ta, sarkin Baƙi ya rasa taku, an tashi canjaras. Nan Barbier ya tsaya.

Wani mai karanta jaridar, Fernando Saavedra, firist ne mutumin Sifen da ke zaune a Gilasgo, ya ce a'a, a yi hasumiya maimakon sarauniya. Yanzu in Baƙi ya ba da hasumiyarsa a c4 ba canjaras, gama sarkinsa yana da a2. Fari kuwa yana shirin kisa a a8. Dole Baƙi ya kai hasumiya a4 ya tare. Sai sarkin Fari ya taka b3, ya kai wa hasumiya hari, ya kuma buɗe hanyar kisa a c1. Ba a iya tare biyun gaba ɗaya. Saavedra ba gwanin wasa ba ne, amma da wannan taku guda sunansa ya zauna har yau.

Akwai kuma labarin haƙuri. Wani Ba'amurke, Joseph Babson, ya kafa wani ƙalubale. A tsara matsala inda in dakaren Baƙi ya zama sarauniya, dole na Fari ya zama sarauniya, in ya zama hasumiya, hasumiya, haka giwa, haka doki. Pierre Drumare na Faransa ya yi kimanin shekara 20 yana fama da shi, a 1982 ya ce ba zai yiwu ba. A 1983 Leonid Yarosh, mai koyar da ƙwallon ƙafa a Kazan ta Rasha, ya buga amsa cikin taku huɗu. Ko da ya ke duniya ta yaba, mabuɗinsa cin wani ɗa ne, saboda haka ya koma ya sake aiki, cikin shekarar ya fitar da wadda ba ta da wannan aibi.

Yau akwai ƙungiyar duniya ta masu wannan aiki, wadda ta faro a 1956, ana kuma gasar duniya ta warware matsala tun 1977. Kwamfuta ta kan binciki gajeriyar matsala nan da nan ta faɗi ko amsarta ɗaya ce. Amma ko tambayar ta cancanci a yi ta, wannan har yanzu alƙalai ne 'yan Adam ke yankewa.

Nawa kuskuren

Laifi tudu ne, in ji masu magana. Bari in sauko daga kan nawa in nuna muku shi. A zangon da ya wuce na tsara matsalata ta fari, na manna a allon sanarwa da sunana a ƙasa da manyan haruffa. Fari: sarki a c6, hasumiya a h1. Baƙi: sarki a a8. Kisa cikin taku biyu. Abin da na nufa, sarki ya taka c7, na Baƙi ya tafi a7 dole, hasumiya ta zo a1 ta yi kisa. Kafin a buga ƙararrawar abincin rana wani ɗan aji ɗaya ya rubuta a ƙarƙashi da fensir, “Sarki b6, Baƙi b8, hasumiya h8.” Na ɗauko allo ina huci don in ƙaryata shi, na tarar gaskiyarsa. Amsa biyu ce. Kwana biyu na yi kafin in ga magani, watau a ɗauke hasumiya daga h1 a sa ta a b1. Daga nan in sarki ya taka b6 ya tare wa hasumiyarsa hanya, sai c7 kaɗai ya rage. Har ma aka sami ɗan tarko, gama mai gaggawar da ya kai hasumiya b7 ya yi canjaras. Irin wannan jeri mai 'ya'ya uku magabata sun riga sun tattake shi, ba na kiransa nawa, amma ya koya mini abu.

Wannan kunya ce kawai, ta wuce. Wadda ba ta wuce ba ita ce ta lokacin gwajin koyarwa. Na rubuta wa 'yan aji huɗu a allo, “1, 2, 4, wace lamba ce ta gaba?” Ina nufin 8, watau a riƙa ninkawa. Wata yarinya da ke zama a baya ta rubuta 7, na ja mata jan biro. Ba ta ce kome ba, ta rufe littafinta. Da malamin ajin ya ke duba littattafai da yamma ya kira ni ya ce, “Malam, ƙara 1, ƙara 2, ƙara 3, nawa ke nan?” Na yi shiru. Yarinyar ta yi tunani daidai, tambayata ce mai mabuɗi biyu. Washegari na gyara makin, na kuma faɗa gaban aji cewa kuskuren nawa ne. Duk da haka sai da aka yi kusan mako biyu kafin ta sake ɗaga hannu.

Ɗan aji ɗayan nan ya iya rubuta mini gyara da fensir, domin shi da ni duk ɗalibai ne. Saavedra ya iya kai wa Barbier gyara. Amma yaro ɗan shekara tara ba zai yi gardama da malami ba. Zai ɗauka shi ne daƙiƙi, ya tafi gida da wannan.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da na ɗauko daga masu tsara matsala. Kafin ka ba yara tambaya, amsa ta da kanka, sa'an nan ka sake zama ka neme ta da wata amsa kamar kai abokin gāba ne. In da hali ba wani abokinka ya gwada, kada ka gaya masa abin da ka ke nufi. Cire kowace kalma da ba ta da aiki a ciki. Tambayi kanka dabarar da yaro zai tashi da ita in ya gama. In kuwa yaro ya kawo amsar da ba ka zata ba, ajiye biro tukuna ka ce ya nuna maka hanyarsa.

Aiki

Ga wani nazari na Richard Réti, na 1921. Fari: sarki a h8, dakare a c6. Baƙi: sarki a a6, dakare a h5. Fari zai fara, ya tsira da canjaras. Da gani za ku ce ba dama, gama dakaren Baƙi ya yi wa sarkin Fari nisa, nasa dakaren kuwa yana bakin sarkin Baƙi. Ga ɗan haske. Daga h8 zuwa jeri na 4 taku huɗu ne, ko sarki ya bi a miƙe ko ya bi a karkace. Ku ƙirga, ku ga abin da zai samu in ya bi ta g7 da f6 da e5. Wanda ya gane ya same ni a ɗakin hutawa ran Asabar bayan cin abinci, ya zo da dukan kariyar da Baƙi zai iya yi a rubuce.